Godiyar Bappa Hamman

Ku da kuke zuwa rumfata a Karewa ku cire kuɗi, sannan ku tsaya kuna tambayata ko ina da wanda zan haɗa ku da shi a banki, na san abin da kuke hange. Kwat da laktaye kuke hange, da sanyin ofis, da motar da ake kai mutum gida. Wani cikinku har ya ce min ai aikin banki danna kwamfuta ne kawai, ko ƙanwarsa za ta iya. Ban yi masa musu ba, don danna kwamfutar kam ƙanwarsa za ta iya. Sauran aikin nake so ku ji daga bakin wanda ya shige shi da baƙin gashi ya fito da furfura.

Aikin farko da aka ba ni a reshenmu na Jimeta shi ne sa mutane dangwale. Wadda ta koya min ita ce Madam Rifkatu, 'yar wajen Numan, mace mai ƙaramar murya da kowa ke shakka har masu gadi. Ranar farko ta tsaya a kaina tana kallo na kama yatsan wani manomi na danna a takarda, sai ta tambaye ni ko kiyashi nake kashewa. Ta nuna min yadda ake mirgina yatsa a hankali daga gefe zuwa gefe. Yatsan manomi da kaftu ya cinye sai an ɗan jiƙa shi kafin zanen ya fito. Yatsan mai sabon lalle sai an rage tawada. Matar aure kuwa ba a kama hannunta, ka yi a naka yatsan ta gani ta kwaikwaya. Kayan aikinmu ke nan a lokacin: kushin tawada, hatimi, soson jiƙa yatsa, robar ɗaure kuɗi, da haƙurin da ba a raba shi a sito. Ta kan ce min, da Hausarta ta mutanen Numan, "Sa'adu, wannan tsohuwa bai san banki ba, fuskarka ya sani. Ka kula da fuskarka."

Da na ɗan goge sai aka fitar da ni farautar masu ajiya. Wannan shi ne aikin da ba ku gani daga waje. Za a yanka maka adadin kuɗin da za ka kawo a wata, ba ruwan kowa da inda za ka samo, in ka gaza a tsayar da kai gaban 'yan'uwanka a wanke ka tas. Ni kasuwannin shanu aka ba ni saboda ina jin Fulatanci, daga Ngurore zuwa Song har tiken Mubi. Laktayen nan da kuke sha'awa a aljihu yake wuni, takalmina kuwa matata ta daina barin shi ya shiga ɗaki.

A tiken Mubi na san Bappa Hamman. Dattijo ne dogo, mai garke a wajen Maiha, wanda bai taɓa ajiye kuɗi a ko'ina ba sai a kan ƙafa huɗu. Na yi ta bibiyarsa kasuwa bayan kasuwa, yana ba ni fura, yana tambayar lafiyar mahaifana, maganar banki kuwa sai ya yi murmushi ya kalli wani wajen. Abin da ya juyo da shi tashin hankali ne. 'Yan bindiga sun fara kore garkunan mutane a arewa da su, kullum labarin yana matsowa. Ni na ce masa shanu ana iya kore su a wuni ɗaya, kuɗin da ke banki kuwa babu mai kore shi. Ya sayar da mafi yawan garken, ya bar 'yan na nono, ya zo da kuɗin cikin buhu tare da ɗansa na fari, Buba. A takarda na ga sunan, don dattijon ba ya kama sunan ɗan fari, sai dai ya ce "yaron nan". Lambar wayar Buba muka sa don saƙon shiga da fitar kuɗi. Da na yi masa tayin kati ya ƙi, ya ce shi ba zai karɓi dukiyarsa daga bango ba, in yana so zai zo ya gaishe ni in ba shi. Ni na mirgina yatsansa a takardar da hannuna.

Sai shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindigar. Wanda bai ga Yola a wannan shekarar ba, ba zai gane ba ko an faɗa masa. Mutane sun shigo a ƙafa, a kan tirela, a bayan akori-kura, wasu da tukunya wasu da kayan jikinsu kawai. Masallatai da coci-coci da makarantu da kangwaye duk sun cika. An rufe rassanmu na can, aka dawo da asusun mutanensu gaba ɗaya wurinmu. Kafin mu buɗe da safe layi ya zagaye gini ya kai titi, rana ta fito ta same su, ƙofar nan mai ƙin ƙarfe tana ta mayar da tsofaffi baya saboda zobe ko makulli. Yawancinsu sun gudo babu katin shaida, babu littafin banki. Manajanmu ya ce duk wanda wani ma'aikaci ya san fuskarsa, ma'aikacin ya sa hannu a biya shi. Na ji daɗin wannan hukunci ƙwarai, na kuma sa hannu ga mutane ba adadi, don rabin 'yan layin nan na sha furarsu.

Ba zan ce muku duk wanda ke bayan kanta mugu ne ba. Akwai kashiyoyin da suka yi ta wuni ba su ci abinci ba. Amma akwai kalmomin da aikin ke sa wa mutum a baki har su zame masa jiki: babu sabis, a dawo gobe, a rubuto takarda, Legas ba su amsa ba. Na ga malamin makaranta daga Michika ya buga kansa da kanta saboda an cire masa kuɗin saƙonnin da wayarsa ba ta taɓa karɓa ba, tunda an katse layin garinsu. Na ga mace ta ajiye jaririnta a kan teburina ta ce to mu shayar da shi har Legas ta amsa. Mu kuwa an koya mana mu yi murmushi mu ce muna ba da haƙuri.

Bappa Hamman bai zo a cikin wannan tururuwar ba. Na tambayi mutanen Maiha, wani ya ce an kashe shi, wani ya ce ya tsallaka Kamaru. Sai bayan watanni, wata ranar Litinin, na ɗaga kai na gan shi a gabana, riga ta yi masa yawa. Mun daɗe muna gaisawa kafin ya faɗa min. Sun bi ta duwatsu sun shiga Kamaru, sun zagayo da ƙyar. Shanun nonon sun tafi. Yaron nan kuma ya koma ɗauko su bai dawo ba, daga baya aka ga gawarsa. Ya faɗi haka idonsa a kan teburi. Yanzu yana wani kango a Sangere da matarsa da matar Buba da jikoki. Abin da ya kawo shi, yana so ya ɗibi kuɗinsa ya sayi 'yan shanu, wani Arɗo a wajen Girei ya yi masa alkawarin wurin zama, ya fitar da iyalinsa daga kangon kafin damina.

Na buɗe asusunsa na ga babu komai. An yashe shi kaɗan-kaɗan da kati, a watannin da yake cikin duwatsu.

Daga nan aka fara yi masa jeka-ka-dawo. Ya tsallako gada daga Sangere, wani lokacin a ƙafa, a ce ya rubuto takarda, ni in rubuta masa. Ya dawo a ce ana dubawa. Bai taɓa ɗaga murya ba, sai ya samu gefe ya zauna da carbinsa har a tashi. Rannan manaja ya sa aka shigo da shi ofishinsa. Manajan nan mutum ne mai daɗin baki, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, yana ta ce masa Baba. Sannan a hankali ya ce masa sun duba, kati aka yi amfani da shi, kuma a irin wannan yawanci na gida ne. Ya tambaye shi wa ke riƙe da wayar da ake tura saƙo. Dattijon ya ajiye ruwan bai sha ba, ya yi godiya ya fita.

Wannan magana ta fi asarar shanun cin sa. Da ya dawo bayan kwanaki ya rame ƙwarai. Ya ce min tun ranar ya kasa yi wa yaron nan addu'a yadda ya saba, in ya ɗaga hannu sai maganar manajan ta faɗo masa, kuma ya kasa kallon jikokinsa. Na ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba a wurin aiki, don ni na kawo shi gidan nan.

Aikin fitar da sabon kati yana da ƙa'ida, kuma ko sabon ma'aikaci ya san ta. Ba a sauya lambar wayar mai ajiya, ba a buga masa kati, sai manaja ya amince da kansa. Da na duba takardun asusun sai na ga an sauya lambar Buba bayan rasuwarsa, an buga kati ga mutumin da ya ƙi kati. Da na lura sai na fara sauraron sauran masu kuka a layi da wani kunnen. Duk labarin iri ɗaya ne: mutanen garuruwan da aka katse wa waya, waɗanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, waɗanda aka ɗauka ba za su dawo ba. Wasu kam ba su dawo ɗin ba, su babu ma mai yi musu kuka.

A lungun da muke shan shayi akwai sanarwa a bango, da lambar babban ofis, cewa duk ma'aikacin da ya ga ba daidai ba ya kira, za a ɓoye sunansa. Shekaru muna wuce ta kamar kalanda. Na je gidan Madam Rifkatu, lokacin ta yi ritaya, na same ta tana tsince wake, na faɗa mata komai. Ta ce ta ga waɗanda suka kira lambar nan, ba ta ga wanda ya kai fansho a cikinsu ba. Na tambaye ta to in bari ke nan. Ta ce ita ba ta ce ba, ta dai faɗa min farashin ne don kada in ce ba a faɗa min ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na samu gindin bishiya nesa da ofis na kira. Wata murya mai ladabi ta saurare ni har ƙarshe, ta ce masu bincike za su zo, in ci gaba da aikina kamar ba komai.

Da na yi shiru daga nan, wataƙila da labarin ya sauya. Amma dattijo yana can ya kasa yi wa ɗansa addu'a. Na hau keke na tsallaka Sangere na same shi a inuwar kangon. Na ce masa Buba bai taɓa kuɗinsa ba, daga cikin bankin aka yi, na kuma kai ƙara Legas, masu bincike suna tafe, in Allah ya so dukiyarsa za ta dawo. Na ce ya riƙe a cikinsa. Sunan manaja ne ban kama ba, don aikinmu ya hore mu kada ka kama sunan mutum kafin bincike ya kama shi. Ya rufe fuskarsa da hannun riga ya daɗe. Da ya buɗe sai ya kira ƙaramin jikansa ya ɗora shi a cinya.

Ya kuma riƙe ɗin, ko matarsa bai faɗa wa ba. Sai dai akwai abin da ban lissafa ba, alhali na girma a cikinsa. A wurin su Bappa, in yaron wani ya yi maka alheri, godiyar da ka yi masa ba ta cika ba sai ka taka ka je wurin wanda ke gaba da shi, ubansa ko maigidansa, ka yi masa. Rashin yin haka rashin tarbiyya ne. Kuma a ganinsa maigida ba ya cikin mutanen da ake ɓoye wa magana, tunda yaro ba ya aika ƙara har Legas sai da izininsa. Shi ya ɗauka wasu ƙananan ma'aikata ne suka yi ɓarnar, ba mutumin da ya ba shi kujera da ruwan sanyi ba.

A cikin makon sai sanarwa ta iso cewa masu bincike za su zo, ba a faɗi dalili ba. Manaja ya shiga duba fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, yana wasa da dariya, idonsa ba ya dariya. Ana cikin haka, wata safiya, aka ce ana kirana a ofishinsa. Na shiga na tarar da Bappa Hamman cikin babbar rigar aro, da wasu dattawa biyu da ya ɗauko don godiyar ta yi nauyi. A kan teburin manaja ga ƙullin goro da 'yar kwalbar man shanu, ban san abin da ya sayar ya same su ba. Bappa ya ce yana so in tsaya in ji da kunnena. Na yi ta ƙifta masa ido, ina girgiza kai, shi kuwa ya ɗauka kunya ce ta yaron da ake yabo a gabansa, har ya yi min murmushi.

Ya juya ga manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, yaronka ya yi min abin da ɗa yake yi. Ya gano ba yaron nan nawa ya ɗauki kuɗi ba, a cikin gida ne. Ya buga waya Legas saboda ni. Na san bai yi ba sai da izininka. Ba ni da komai, amma na ce sai na zo da ƙafana. Useko, useko." Da Fulatanci ya ƙarasa godiyar.

Manaja ya taso ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce ai aikinsu ne, Sa'adu kuma yaron kirki ne, ya daɗe da sanin haka. Ya karɓi goron, ya raka su har bakin ƙofa. Da ya dawo ya wuce ni a tsaye ya ce, "Well done, Malam Sa'adu. Je ka ci gaba da aiki."

Kafin masu binciken su sauka an gama shirya musu abin da za su gani. Wa ya buɗe asusun mutanen nan? Sa'adu. Wa ya san wanda ya ɓata da wanda ya mutu? Sa'adu. Wa ya yi ta sa hannu yana shaidar fuskokin marasa katin shaida? Sa'adu. Manaja ya ce shi ya amince ne bisa shaidar ma'aikacinsa, kuma da na ga asiri zai tonu ne na riga kowa kai ƙara. Ƙananan ma'aikatan da aka yi abin da su suka bi bayansa, kowa yana kashe wutar gabansa. Masu binciken ba sa jin Hausa balle Fulatanci, ba su tsallaka gada sun ga kowa ba, otal da ofis kawai suka sani. An shafa min kashin kaji yadda ko ni da na karanta sai da na ji kamar wani Sa'adun ake nufi. Na kwana a caji ofis har 'yan'uwa suka yi belina, aka sallame ni daga aiki ba ko sisi, aka kuma aika sunana inda babu bankin da zai sake ɗaukata. Manajan daga baya aka ɗauke shi zuwa wani gari. Masu ajiyar aka ce musu magana tana hannun hukuma, su jira. Waɗanda ke raye cikinsu har yau jiran suke.

Damina ta sauka Bappa Hamman yana kangon nan. Na ji labarin ya fara bin garken wani mutum a kan lada, da tsufansa. Ban je ba, don ban san da wace fuska zan je ba, kuma na san an faɗa masa a banki cewa ni ne ɓarawon.

Shi ya zo. Wata la'asar aka yi sallama, na fito na same shi a zaure, ƙafafunsa duk taɓo. Bayan gaisuwa ya ce sun ce masa ni ne, shi kuma ya ce musu ɓarawo ba ya tsallaka gada don ya wanke mamaci. Abu ɗaya yake so ya ji, maganar da na faɗa masa a kan yaron nan, gaskiya ce ko don in sanyaya masa rai ne. Na ce gaskiya ce, wallahi. Ya gyaɗa kai. Sannan ya tambaye ni to wane ne, in ba ni ba, in ba yaron ba. Na kawar da kaina gefe. Ya daɗe yana kallona, na ga lokacin da abin ya isa gare shi, don bakinsa ya ɗan buɗe, carbin ya tsaya a hannunsa.

Ya ce, "Wanda na kai wa goro."

Na ce masa ya bar maganar, bai yi komai ba sai abin da iyayensa suka koya masa, kuma ko bai je ba da wuya su bar ni. Bai ji ni ba. Ya tambaye ni wa ke gaba da ni yanzu, ya je ya ba shi haƙuri, don laifi irin wannan ba a ba yaro haƙurinsa shi kaɗai. Na ce babu kowa, Bappa, mahaifina ya rasu bara, maigida kuma ka ga yadda muka ƙare.

Sai ya cire takalmansa, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya durƙusa a gabana, mutumin da ya girmi mahaifina. Na ce Bappa don Allah ka tashi, mutane suna wucewa. Na sunkuya na kama kafaɗunsa in ɗaga shi, na ji babu komai a cikin rigar sai ƙashi.